Jirgin da Ya Ƙi Juya Goshi: Nazarin Tafiyar Mako Guda a Mashigin Kaledoniya

Wurin da tsarin tafiyar

Mashigin Kaledoniya hanyar ruwa ce da ta ratsa arewacin Sukotlan a karkace, daga Corpach kusa da garin Fort William a yamma har Inverness a gabas. Tsawonta kimanin kilomita 97 ne. Kashi ɗaya cikin uku kawai aka haƙa da hannu. Sauran tafkuna ne da Allah ya jera a cikin wani dogon kwari miƙaƙƙe: Lochy, Oich, Ness da ɗan ƙaramin Dochfour. Injiniya Thomas Telford ne ya jagoranci aikin, aka fara a 1803, aka buɗe a 1822. Da yake tafkunan ba tsayinsu ɗaya ba, an gina matakan ruwa 29 a hanyar. Kowane mataki ɗaki ne na dutse mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, sai a sako ruwa ya ɗaga shi, ko a zuƙe ya sauke shi. Tafkin Oich ne ƙololuwa, mita 32 sama da teku.

A ƙarshen watan Mayu akan yi gangamin ƙananan jiragen ruwa marasa rufi a wannan hanya. Mako guda ake yi, daga yamma zuwa gabas. A tafki ana tsere da ƙyallen iska, wato ƙyallen da ake baza wa iska ta tura jirgi, a wurin da aka haƙa kuma ana tuƙi da filafili. Jiragen ceto masu inji suna biye da ayarin, kuma kowace safiya akan taru a ji labarin yanayi da zangon ranar. An zaɓi tafiya daga yamma ne don iskar da ta fi yawa a ƙasar daga kudu maso yamma take busowa, wato takan turo jirgi daga baya. Amma a watannin Afrilu da Mayu iskar arewa maso gabas takan yawaita fiye da sauran lokaci. Duwatsun da suka sa kwarin a tsakiya kuma ba sa barin iska ta zo a kaikaice: ko dai tana bayanka, ko tana fuskarka.

Mutanen da jirginsu

Mai jirgin dattijo ne ɗan kusan shekara 60, tsohon malamin makaranta daga arewacin Ingila. Shi ya ƙera jirgin da hannunsa, da falankin katako, a garejin gidansa. Tsawonsa mita 5 ne, jigo ɗaya da ake rataye ƙyalle a kansa, ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu, da filafilai biyu. A tsakiyarsa akwai wani siririn akwati da allon ciki yake kwance. Allon yana maƙale da ƙusa ɗaya a gabansa, ana sakinsa da igiya ya sauka ƙarƙashin ruwa, ana ja ya koma akwatinsa. Aikinsa shi ne hana jirgi zamewa gefe idan iska ta buge shi.

Shekaru kaɗan ya yi yana tuƙa jirgin a wata madatsar ruwa kusa da gida. Al'adarsa ita ce ya kai shi a tirela da safe, ya dawo da shi gareji da yamma. Jirgin bai taɓa kwana a ruwa ba. Abokiyar tafiyarsa 'yarsa ce, wadda ta yi tseren tuƙi da filafili a jami'a, amma ba ta saba da ƙyalle ba. Sun zaɓi kwana a tanti, don haka duk kayansu a cikin jirgin suke: tanti, barguna, risho, abinci, jarkar ruwa mai lita 20, da kayan gyara. Jimilla kayan sun kai kilo 60. Ya jera su a akwatin baya da ƙarƙashin bencin baya, don a samu wurin miƙe ƙafa lokacin tuƙi.

Asabar da Lahadi: daga Corpach zuwa Gairlochy

Ranar Asabar aka saka jiragen a ruwa. An yi ɗan gajeren tseren gwaji a ruwan gishirin da ke gaban Corpach, dutsen Ben Nevis mai tsayin mita 1,345 yana kallonsu. Iska ba ta da ƙarfi, jirgin ya yi duk abin da aka nema. Kafin a shiga mashigi sun jawo shi kan tsakuwar gaɓa sun loda kaya.

Lahadi aka hau tsanin ruwan Banavie, matakai 8 a jere, waɗanda suke ɗaga jirgi kusan mita 20 cikin kamar awa ɗaya da rabi. Babu tsani irinsa mai tsawo a duk Birtaniya. Ƙananan jiragen aka ɗaure su gefe da gefe, ana jan su da igiya daga mataki zuwa mataki. Daga nan aka yi tseren filafili na kimanin kilomita 10 zuwa Gairlochy, a bakin Tafkin Lochy. 'Yar ce ta ja mafi yawan tafiyar, suka iso cikin na gaba-gaba. Allon ciki yana sama duk ranar, don ba a bukatarsa a tuƙin filafili. Jirgin ya kwana na biyu a ruwa.

Litinin: Tafkin Lochy

Tafkin Lochy kimanin kilomita 16 ne, siriri, da duwatsu masu tsayi a gefensa. A taron safe aka ce iska ta juya, daga arewa maso gabas take, tana gudun kilomita 20 zuwa 25 a awa, kuma za ta ƙaru da rana. Wato duk tafkin za a yi shi ne gaba da gaba da iska.

Jirgi mai ƙyalle ba ya shiga idon iska kai tsaye. Sai dai ya bi ta a karkace, ya nufi wannan gaɓa, ya juya goshinsa ta cikin iskar, ya nufi waccan, yana cin gaba kaɗan-kaɗan. Jirgi mai kyau yakan kama kusurwar da ba ta wuce digiri 45 zuwa 50 daga iska ba. Duk dabarar tana wajen juyawar: sai jirgi yana da gudu sannan goshinsa zai tsallake idon iska kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Sun tashi da ƙyalle a rage, an naɗe layi ɗaya na ƙasansa, kamar yadda yawancin ayarin suka yi. Dattijon ya saki igiyar allo, ya ji ta yi sako-sako, ya ɗaure. Cikin rabin awa abubuwa biyu suka bayyana. Na farko, jiragen da suka tashi tare suna nufar wuri ɗaya da su, amma su suna isa gaɓa can ƙasa da inda sauran suka isa. Na biyu, da ya tura sandar tuƙi don juyawa, goshin yakan taho har ya kusa idon iska, igiyar ruwa ta mare shi, ya tsaya, ya koma inda ya fito. Ya kuma lura sai ya riƙa danna sandar tuƙi ta ɓangaren da ƙyalle yake, in ba haka ba jirgin yakan kauce wa iska da kansa. A madatsar gida akasin haka yake yi.

Abin da ya fara gwadawa shi ne ƙara ƙyalle. A ganinsa jirgin ya yi nauyi da kaya, ƙarfi ne ya yi masa kaɗan. Suka kwance naɗin. Gudu ya ƙaru, amma jirgin ya riƙa kwantawa gefe. Wajen ƙarfe 12 wata iska ta gangaro daga kan dutse ta danne su har bakin jirgin ya sha ruwa. Ya saki igiyar ƙyalle da sauri, jirgin ya miƙe, 'yar ta shiga kwarfe ruwa da bokiti. Suka mayar da naɗin a tsakiyar tafki, jirgi yana ta tangaɗi.

Na biyu, da juyawa ta gaba ta ƙi, sai ya koma juyawa ta baya, wato ya ba iska ƙeya ya kewayo. Hakan yana yiwuwa, amma kowace kewayowa tana mayar da su baya da 'yan mitoci masu yawa, ga haɗarin ƙyalle ya wulwulo da ƙarfi. Na uku, 'yar ta riƙa sa filafili ɗaya tana taimaka wa goshin ya tsallake. Wannan ya yi aiki, amma hannunta ya fara sanyi, ga jiƙewa.

Ƙarfe 3 na yamma ba su kai rabin tafkin ba. Sauran ayarin sun yi nisa. Jirgin ceto ya matso ya yi musu tayin ja, suka karɓa. An ja su har Laggan, a ƙarshen tafkin, aka rubuta ba su kammala zangon ba.

Daren Litinin da safiyar Talata: Laggan da Tafkin Oich

Da dare shawara ta yi yawa, kamar yadda aka saba a irin wannan taro, inda kowa gwani ne a kan jirgin wani. Wani ya ce ƙyallen ne ya yi tumbi, a ƙara ɗaure shi. Wani ya ce jigon ya karkata gaba. Wata mata da ta ga jirgin daga baya lokacin da ake jansa ta ce goshinsa ya ɗaga sama ƙwarai, gindinsa ya nutse, don kaya da mutane biyu duk suna baya. An tambaye shi ko allon ciki yana sauka, ya ce yana sauka, igiyar tana sakewa. Ba wanda ya duba. Ruwan waɗannan tafkuna baƙi-baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ganyen fadamar tsaunuka, ko ka leƙa ba ka ganin abin da ke ƙarƙashin jirgi.

Ya ɗauki shawara biyu. Ya ƙara ɗaure ƙyallen, ya sa 'yar katako a gindin jigon ya karkatar da shi baya kaɗan. Sannan suka kwashe kayan duka, har jarkar ruwa, suka cusa a can cikin goshi.

Talata da safe suka hau matakai 2 na Laggan, suka bi ta doguwar haƙar da itatuwa suka rufe gefe da gefe, suka fito Tafkin Oich. Wannan tafki ɗan ƙarami ne, bai fi kilomita 6 da rabi ba, ba shi da zurfi, akwai tsibirai da alamomin da aka kafa don nuna hanya. Iska tana nan daga gaba, amma ta ɗan sassauta.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Goshin ya daina kaucewa kamar jiya, amma yanzu yana nutsa kai cikin kowace igiyar ruwa, yana watso musu ita a jiki, gudu ya mutu. Zamewa gefe kuwa tana nan yadda take. A wurin da hanya ta matse tsakanin alamomi, inda dole a yi ta juyawa a kai a kai, sai suka zame suka fita daga hanya, ƙasan jirgin ya gogi ƙasa. A nan 'yar ta lura da wani abu: ruwan bai kai ƙugu ba, amma ƙasan jirgin ne ya fara taɓa ƙasa, ba allon ba. Allon da ya sauka duka ya kamata ya kai kusan mita ɗaya ƙasa da jirgin, shi ya kamata ya fara bugawa. Suka sauke ƙyalle, suka ƙarasa da filafili, suka zo na ƙarshe.

Yammacin Talata: abin da aka tarar

Bayan an sauka matakan Cullochy da Kytra aka yada zango kusa da Fort Augustus. Mutum shida suka jawo jirgin kan ciyawa, aka kwashe kaya, aka kwantar da shi a gefe ɗaya. Aka saki igiyar allo. Allon ya fito kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsa, ya cije. Aka ja da hannu, ya ƙi.

Da aka zare ƙusar aka fito da shi, an ga abu biyu. Fentin da ke kusa da ramin ƙusar ya goge tun da daɗewa, katakon ya sha ruwa ya kumbura har ya cika akwatin. Sannan akwai 'yan tsakuwoyi da suka maƙale tsakanin allon da bangon akwatin, sun yi masa zane mai zurfi. Igiyar kuwa aikinta ɗagawa ne kawai. Nauyin allon ne yake saukar da shi, don haka duk inda ya tsaya igiya za ta yi sako-sako, ko ya kai ƙasa ko bai kai ba.

Irin wannan allo yana buɗewa ne kamar wuƙar aljihu. Idan ya buɗe duka yakan tsaya kusan a tsaye a ƙarƙashin tsakiyar jirgi. Idan ya buɗe kaɗan, ɗan abin da ya fito yana kwance ne ta baya. Illar biyu ce. Faɗin da ke riƙe ruwa ya ragu, jirgi ya zame gefe. Kuma wurin da jirgi yake dogara a cikin ruwa ya koma baya, alhali ƙyalle yana turawa daga gaba, sai iska ta riƙa kawar da goshi. Jirgin da goshinsa ke gudun iska ba zai yarda ya tsallaka ta ba.

Gyaran bai ɗauki awa uku ba. An ari ɗan injin fere katako na hannu daga wani ɗan ayari, aka rage kumburin ta kowane gefe, aka goge da sanfefa, aka shafa fenti mai saurin bushewa, aka bi da kakin kyandir. An wanke akwatin da bokitin ruwa har tsakuwar ta fita. Da yake rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe 10 na dare a wannan lokaci na shekara, an gama da sauran haske. Kafin a mayar da jirgin ruwa aka saki allon har ƙarshe, aka ɗaura jan zare a igiyar daidai inda take fitowa daga akwati. Daga ranar, in ba a ga zaren a wurinsa ba, allo bai sauka ba. An mayar da jigon yadda yake tun asali. Kayan kuma aka raba su gida biyu, aka ɗaure a ƙasa, dama da hagu na akwatin allo, jarkar ruwa a tsakiya.

Laraba da Alhamis: Tafkin Ness

Laraba da safe aka sauka matakai 5 na Fort Augustus, waɗanda suka ratsa tsakiyar garin, 'yan yawon buɗe ido suna tsaye suna ɗaukar hoto. Ƙofar ƙarshe tana buɗewa ne kusan a bakin Tafkin Ness.

Ness ba sa'an sauran ba ne. Tsawonsa kimanin kilomita 36, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan da ke cikinsa ya fi na duk tafkunan Ingila da Wales a haɗe. Da yake a miƙe yake, iskar da ta taso daga wancan ƙarshe tana da filin tara igiyar ruwa tun daga can, ta iso da gajerun taguwoyi masu tsayi, kusa da kusa. Ruwan kuma sanyi gare shi duk shekara. Wanda ya faɗa ruwan da ɗuminsa bai kai digiri 15 a ma'aunin Salshiyas ba, numfashinsa yakan kuɓuce masa a mintin farko, ko da gwanin iyo ne, kuma a watan Mayu Ness yana ƙasa da haka sosai. Shi ya sa kowa a ayarin yake sanye da rigar kariya.

Iska ba ta canza ba, arewa maso gabas ce, ƙarfinta kusan na Litinin. Zangon ranar zuwa Foyers ne, a gaɓar kudu maso gabas, wajen rabin tafkin. Masu shirya gangamin sun matso da lokacin tashi don a ci wani abu kafin iskar rana ta ƙarfafa. Su biyun suka tashi da naɗi ɗaya tun daga gaɓa, suka zauna kusa da juna a tsakiyar jirgi.

Juyawar farko ta tafi ba gardama. Sandar tuƙi ta koma halinta na gida, tana ɗan jan hannu, alamar jirgin yana son kusantar iska. Wani dattijo da ya sha yin tafiyar ya ba su dabaru biyu da dare, suka bi. Kafin juyawa a ɗan saki jirgi ya ƙara gudu, a jira taguwa babba ta wuce, a juya a bayanta inda ruwa ya ɗan kwanta. Sannan a riƙa gajerun zango kusa da gaɓa, inda ƙananan tsinin ƙasa ke karya igiyar ruwa, maimakon tsallaka tsakiya kowane lokaci. Da rana, da iska ta ƙaru, suka yi naɗi na biyu tun kafin jirgin ya fara kwantawa. Sau ɗaya goshin ya ƙi tsallakewa, lokacin da mai jirgin ya yi gaggawa ya juya a kan taguwa. 'Yar ta sa filafili sau biyu, ya wuce. Sun isa Foyers da kansu, a tsakiyar ayari.

Alhamis iska ta faɗi da safe, daga baya ta dawo daga kudu maso yamma. Suka wuce kangon fadar Urquhart da ke can ɗaya gaɓar, iska na tura su, allo a ɗage rabi da gangan, don mai tafiya da iska a baya ba ya bukatarsa duka. Suka bi ta Dochfour zuwa matakin Dochgarroch. Da yamma sun gwada allon, jan zaren ya zo wurinsa.

Juma'a: Inverness

Tuƙin filafili ne zuwa Muirtown, aka sauka matakai 4, sannan biyun ƙarshe a Clachnaharry, aka fito ruwan gishirin Beauly. An yi ɗan tseren rufewa. A jimillar mako sun zo a rukunin ƙasa, saboda zangon Litinin da ba su kammala ba da na Talata da suka zo ƙarshe.

Auna lamarin

Asalin matsalar allon ne, kuma kwana a ruwa ne ya tayar da ita. Fentin ya daɗe da gogewa, amma jirgin da ke komawa gareji kowace yamma yana bushewa kafin katako ya sha ruwa. Kwana biyu a jiƙe suka isa ya kumbura, tsakuwar Corpach ta ƙarasa. Ranar Lahadi ba a saki allon ko sau ɗaya ba, shi ya sa ba a ji lokacin da ya fara cijewa ba.

Nauyin baya laifi ne na gaske, matar da ta faɗa ba ta yi kuskure ba. Amma na biyu ne, kuma gaskiyarsa ce ta ɓatar da bincike, don da aka samu dalilin da ido ke gani sai aka daina neman wanda ke ƙarƙashin ruwa. Kai kayan goshi ya ɓoye alama ɗaya, ya haifar da wata. Karkatar da jigo ma haka, gyara ne ga abin da bai lalace ba, ga shi an yi shi dare ɗaya da sauya wurin kaya, ta yadda ko da an ga canji ba a san wanne ya kawo shi ba.

Mafi haɗari a duk abin da aka gwada shi ne kwance naɗin ƙyalle a Lochy. Jirgin da allonsa bai sauka ba, ƙarin ƙyalle ba ya zama ci gaba, kwantawa da zamewa yake zama, a kan ruwan da faɗawa cikinsa ba wasa ba ne. Karɓar ja da ƙarfe 3 kuwa daidai ne, a ganina ma an makara da awa guda, tunda 'yar ta riga ta jiƙe tun tsakar rana.

Alamar da ta isa ta tona asirin tana hannun dattijon tun rabin awar farko ta Litinin: sandar tuƙin da ta juya halinta. Ya ji ta, ya danganta ta da nauyin kaya. Tambayar da aka yi masa a Laggan ita ce daidai, amsar ce aka karɓa daga igiyar da ba a yi ta don ta ba da wannan labari ba. Akwatin allon jirginsa yana da ɗan murfi a sama. Da an buɗe shi an zura sanda a daren, da an ji kan allon a inda bai kamata ya kasance ba, kuma da an yi gyaran kafin Tafkin Oich.